Gidanmu Ya Iso Bakin Kogi

Da safe na ɗora tukunyar shayi a kan murhu, na juya in ɗebo gishirin da muke sa wa shayi, kafin in waiwayo ta zame daga kan wuta ta kama hanyar bango. Na cafke ta da bakin mayafina, madara ta fallatsar mini a hannu, na ja tsaki. Tun narkewar ƙanƙara babu abin da ke zama inda aka ajiye shi a gidanmu. Ƙofar zaure ta ƙi rufuwa, ɗana Nazarsho ya fere ta, washegari kuma ta ƙi buɗuwa. Bango sai ƙara yake, ƙas-ƙas, kamar ana tauna ƙashi a ciki. Ni kuwa zama ya gagare ni, abinci ma a tsaye nake ci.

Babu wanda zai tambayi dalili a Yarzun. Garin gangarowa yake yi, kamar yadda ya saba tun kafin kakannin kakanninmu, layi bayan layi, daga ƙolin dutse zuwa kogin Shardu, ɗan kaɗan kowace shekara. Gidan da ya iso bakin ruwa sai a kwance shi, duwatsu da azara, a miƙa hannu da hannu ta babbar matakala, a sake gina shi a layin ƙoli. Bana mu ne a bakin ruwa. Maƙwabtanmu na layi duk sun hau, saura mu kaɗai. Kuma ba a taɓa ko tsakuwa ɗaya daga gida sai babban gidan ya zare dutsen murhu da hannunsa.

Babbar gidanmu tana bakin ƙofa. Inna Bahtimo, mahaifiyata, ta shimfiɗa buzunta a kan dokin ƙofa, ta miƙa ƙafafu cikin kogi, tana kallon ruwa yana bi ta tsakanin yatsunta.

Na ce, "Inna, tukunya ta fara tafiya da ƙafarta."

"To ki ƙyale ta mana, ƙila unguwa za ta."

"Ba wasa nake ba. Jiya ruwa ya shiga rumbu."

"Me ke cikin rumbun?"

"Babu komai, na kwashe."

"Ashe wahalar banza ya sha."

Haka take yi mini tun farkon bazara. In na zo da kuka ta ba ni dariya, in na zo da faɗa ta tambaye ni ko shayi ya nuna. Na tsaya a kanta da hannuna yana zogi, ina jin kamar in sungume ta in kai ta gaban murhu. Ba nauyi gare ta ba, ai. Amma hannun da aka kama aka ɗora a kan dutse ba hannun mai shi ba ne, kowa ya san wannan.

Muna cikin haka sai ƙasa ta zubo daga rufi. Rufinmu shi ne tsakar gidan Sabzali masaƙi, na layin da ke samanmu, kuma in ransa ya ɓaci da dunduniya yake sallama. Ya leƙo da kai ta tagar hayaƙi, bai ga kowa ba, ya zagayo bakin rufin ya tsuguna daidai saman kanmu.

"Gwaggo Bahtimo! Gidanki ya tokare mini gida! Gari na turo ni ta baya, ke kin tsaya mini ta gaba, so kike in fashe a tsakiya kamar ƙwai?"

Inna ko ɗago kai ba ta yi ba. "Sabzali, ni na karɓi haihuwarka. Tun ranar kake ihu, har yau ba ka huta ba."

"Gulbegim, ki yi mata magana! Bangona ya tsage, hannu na shiga. Uwar yara ta kwashe su ta koma gidansu."

Na ce, "Kai ka ga ina rawa ne a nan?"

Gaskiya ce da shi, shi ya sa ya fi ba ni haushi. Amma shi tsagewar bango ce damuwarsa, mu kuwa in Shardu ya cinye gidan nan mun tashi daga 'yan gari. Ba a fasa sabon dutse a Yarzun, wa zai sa guduma a jikin abin da ke ɗauke da shi? Abin da kakanninka suka bar maka shi ne naka, shi kake hawa da shi, shi kake saukowa da shi. Gidan da ba shi da duwatsu ba a yanka masa fili a layin ƙoli. Sai dai ku ɗaura kaya a jaki ku bi kwari, ku je ku yi zaman karo a garuruwan da ba sa motsi. Ga Nazarsho, ga matarsa da tsohon ciki.

Na ja mayafi na hau majalisa.

Ɗakin Majalisa ne kaɗai ginin da ba ya tafiya. A kan wani baƙin falalen dutse yake a tsakiyar gari, layuka su zo su rabu biyu a jikinsa su wuce, shi ya sa duk ƙarni da sababbin maƙwabta yake. Na tarar da Odinasho, Sarkin Matakala, ya miƙe ƙafa ana shafa masa man kitse a gwiwa. Mutumin da duk matakalar garin ke hannunsa, babu wanda ya kai shi tsanar hawanta. A gefensa Mai Ƙofofi na gyangyaɗi, sai kuma Uwar Rufi, wadda ke raba rigimar wanda ya shanya kashin shanu a kan ɗakin wani.

Na gaishe su a gurguje na zube abin da ke tafe da ni. Na ce su sauko su ba Inna umarni.

Odinasho ya ce, "'Yata, umarnin me? Matakala ce tawa, ba hannun mutane ba. Abin da zan iya shi ne wannan. Jibi zan sa a busa ƙaho, gari ya tsaya a layi tun sassafe. In inuwar ɗakin nan ta taɓa gadar Shardu ba a zare dutse ba, kowa ya koma gidansa. Kuma ba na tara gari sau biyu saboda gida ɗaya, ruwa ma ba zai jira na biyun ba."

"Shi ke nan?"

Uwar Rufi ta gyara zama, ta ce a hankali, "Akwai shuɗin kwano."

Kowane gida yana da shuɗin kwano guda, na baƙi, ɗan gida ba ya kai shi baki ko da wasa. In ɗa ya miƙa wa uwarsa ko ubansa shayi a cikinsa a gaban majalisa, aka karɓa aka sha, to daga ranar ya zama baƙo. Ba shi da gida, ba shi da ɗa. A ƙetarar da shi gada zuwa Gidan Baƙi, a wancan gaɓar da ƙasa ke tsaye, gari ya riƙa ciyar da shi tare da fatake, ba ya sake kwana a cikin layi. Girman gida sai ya koma kan na biye. A rayuwata sau ɗaya na ga an yi, kuma mutumin da ya yi wa ubansa har ya mutu ba a daina nuna shi da baki ba.

Na ce, "Da taki uwar ce za ki ba ta?"

"Tawa ta zare nata dutsen ba gardama."

Na fito ban yi musu sallama ba. Duk hanya ina saukowa ina faɗa ni kaɗai, mata masu tuluna suna matsa mini. Na iso gida da la'asar, na tarar Inna tana inda na bar ta, sai dai ta ja buzun baya kaɗan don ruwa ya hau dokin ƙofa. Na zauna kusa da ita, cikin jiƙar, ban damu ba.

"Inna, don girman Allah, me muka yi miki?"

Da ta buɗe baki babu wasa a muryarta.

"A layin ƙoli aka haife ni, Gulbe, shekarar da aka hau da gidan nan. Ke a ƙasan majalisa kika buɗe ido, ba ki san can ba. Ba rijiya, wa zai haƙa rijiya a ƙasar da ke tafiya? Ramin tara ruwa in an gina ya tsage. Tun ina iya rungumar tulu nake saukowa wurin ruwan nan, in hau, in sauko, in hau. Da ciki na yi, da goyo na yi. Abin da ke riƙe da ni kawai, duk shekara hanyar na raguwa da taku ɗaya. Uwata ta mutu muna saman majalisa, tana ce mini, ke dai za ki kai. To na kai. Ban gama ɗumama wurin zama ba ku ce in koma? Da waɗannan ƙafafun? In na hau, ba ni ba sake taɓa ruwa mai gudu. Sai wanda za a yi mini wanka da shi, shi ma a tulu za a kawo."

"To mu fa? Jikanki fa, da abin da ke cikin matarsa?"

"Ai ban ce ina da gaskiya ba. Sa'o'ina kusan duk sun mutu kafin gidajensu su iso nan, ni ce na yi naci. Kullum kina fita sai in je gaban murhun in ɗora hannu. Hannun ne ya ƙi."

Ban san tana yin haka ba. Fushin da na taho da shi ya rasa inda zai sauka.

Ta ce, "Sun ce miki shuɗin kwano, ko?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Majalisar nan ai zancenta ɗaya ne tun ina budurwa."

"Ba zan yi ba, Inna. Gara kogi ya kwashe mu duka."

"Ban ce ki yi ba. Tashi, kin jiƙa rigarki."

Ranar da aka sa, ƙaho ya tashi tun rana ba ta gama leƙo kwari ba. Na fito na ɗaga kai. Tun daga bakin ƙofarmu har inda ido ya ƙare, matakala ta cika da mutane, kafaɗa da kafaɗa, maza da mata, hannuwa a sake. An rufe kasuwa, maƙera sun kashe wuta. Kuma tsit, domin ba a magana a layin hannu. Mai surutu shi ke sakin dutse a ƙafar ɗan'uwansa, don haka daga busa ƙaho har a sauke kaya na ƙarshe a ƙoli baki a rufe yake. Duk garin nan ya tsaya shiru yana jiran tsohuwa ɗaya, ita kuwa tana wasa da ruwa.

'Yan majalisa suka sauko, aka shimfiɗa musu a zaure. Mu 'yan gida da su ne kaɗai ke da izinin magana. Na shiga, na fita. Na naɗe shimfiɗun da na riga na naɗe. Na dafa shayi don in sami abin yi da hannuna. Duk fitowar da zan yi sai na dubi inuwar majalisa, ta sauko layin marina, ta wuce, ta sauko layin su Sabzali. Shi kuma yana tsaye a matakin farko, bakinsa a rufe dole, idanunsa na zagina.

Sai muka ji rugugi ta baya. Kusurwar rumbu ce ta zube cikin kogi, duwatsu manya-manya, irin waɗanda aka sassaƙa tun zamanin da ba wanda ya sani, ruwa ya haɗiye su ko kumfa babu. Sauran bangon ya sunkuyo zai bi su. Ban ankara ba Nazarsho ya faɗa ruwan har ƙugu, ya juya ya tokare bangon da bayansa. Cirewa ce aka hana, tokarewa ba a hana ba. Ruwan Shardu a wannan lokaci ƙanƙara ce da ta narke jiya. Kafin a jima leɓɓansa suka canza launi, haƙoransa na haɗuwa, matarsa ta tsaya a bakin gaɓa ta toshe baki da hannu.

Na ce, "Fito, Nazarsho! Fito, don ubanka!"

Ya girgiza kai.

Inna ta janye ƙafafunta daga ruwa. Ta dafa bango ta miƙe, ta leƙa ta ga jikanta, ta daɗe tana kallonsa. Ta shiga ciki da rarrafen bango, muka bi ta, har Odinasho da gwiwarsa. Ta durƙusa gaban murhu, ta ɗora hannu biyu a kan dutsen. Na ga jijiyoyin hannun sun tashi. Na ga kafaɗunta na rawa. Wallahi ta gwada, ni shaida ce. Can ta saki, ta zauna daɓas, tana haki.

Sai ta sake miƙewa, ta ɗauki sandarta, ta bi ta tsakaninmu ta fita waje. Na ce shi ke nan, ta koma ruwanta, mun hallaka. Ashe tsayawa ta yi a bayan dokin ƙofa. Ta gyara mayafi, ta juyo ta fuskanci zauren da ta share shekara da shekaru, ta ƙwanƙwasa ƙofar da sanda.

"Salamu alaikum, masu gida. Baƙuwa ce, daga nesa. Ko za a sami ɗan shayi?"

Na ce, "Inna, kar ki yi mini haka."

"Ikon Allah. Haka ake karɓar baƙi a garin nan? An ce mini mutanen Yarzun akwai karamci."

"Inna!"

"Baiwar Allah, ƙishi nake ji, ga kuma yaro can a ruwa. Ki hanzarta."

Na dubi Uwar Rufi, ta kau da kai. Na dubi ƙofa, inuwa ta kusa kai ƙafar gada. Ban san yadda na isa wurin kayan da na ɗaure ba. Na kwance ƙunshin, na zaro kwanon. Da na zuba shayin sai ya karkata gefe guda, ya zubo mini a yatsu, ko zafinsa ban ji ba. Na miƙa mata da hannu biyu, kamar yadda ake yi wa baƙo, ina kuka kamar ƙaramar yarinya, ni da furfura a kaina.

Ta karɓa, ta hura, ta kurɓa. Ta shanye tas, ta miƙo mini kwanon.

"Allah ya amfana. Sai dai matar gidan nan hannunta da nauyi wurin gishiri. Ko wa ya koya mata?"

Odinasho ya yi gyaran murya ya ce, "Majalisa ta gani. Gulbegim, ke ce babba."

Na faɗa kan murhun na finciko dutsen, da sauran zafinsa, toka ta tashi ta cika mini ido. Nan take Sabzali da mazan ƙasan layi suka auka wa bangon rumbu, aka jawo Nazarsho kamar jiƙaƙƙen tsumma aka naɗe shi da bargo. A ƙa'ida na biye da babba ne ke goya dutsen murhu ya riga kowa isa ƙoli, ya kafa shi, sannan ya karɓi sauran. Nazarsho ko tsayuwa ba ya iyawa. Ban jira shawarar kowa ba, na ɗaure dutsen a bayana na kama matakala. Ban waiwaya ba. Na san in na ga ana ƙetarar da Inna gada, ni da dutsen a kogi za mu ƙare.

Na ratsa ta gefen layin, na wuce marina, na wuce majalisa, na wuce layukan da rabona da su tun ina yarinya, na shiga waɗanda ban taɓa takawa ba. Mutanen sama suna ganina suna gyaɗa kai da murna, ga 'yar Bahtimo da dutse, tsohuwa ta sauko daga dokin naƙi. Ba su san komai ba, kuma babu bakin da zai faɗa musu.

Ƙoli iska ce kawai da tsakuwa. Ko ciyawa babu. Aka nuna mini filinmu, na kafa dutsen, na tsaya a bakin matakala. Gidanmu ya fara isowa. Duwatsun zaure, na ɗakina, azarar da Nazarsho ya sassaƙa sunansa a jiki yana yaro, ƙofar nan mai taurin kai, tukwane, shimfiɗu. Ina karɓa ina miƙa wa magina, har tafin hannuna ya fashe. Na gode wa aikin, don bai bar ni na yi tunani ba.

Da rana ta yi sanyi sai kaya suka ƙare. Abu na ƙarshe da ke hawa a kowane hawan gida shi ne kujerar babban gida, da shi a zaune a kai, a miƙa shi hannu da hannu kamar sauran, yana sa wa gari albarka. Yau kujerar tawa ce, ni kuwa na riga na taho da ƙafata. Mutanen ƙasa suka rasa yadda za su yi da ita, kayan gida ce, ba a barin komai wa kogi. Sai suka miƙo ta haka nan.

Tun daga nesa na hango ta tana tahowa a saman kawuna, babu kowa a kai. Su kuwa na sama abu ɗaya suka sani game da kujerar da ta hau babu kowa: tsoho ya zare dutsensa, zuciya ta kasa ɗauka, ya cika kafin a ɗaga shi. Yana faruwa. Duk wanda ta iso hannunsa sai in ga ya sunkuyar da kai, mata suna miƙa ta suna share ido da kafaɗa, ba halin kuka da murya. Haka ta ratso rabin gari har ta iso gare ni. Na karɓe ta, ba ta da nauyin komai, na ajiye.

Ƙafafunta na taɓa ƙasa aka busa ƙahon sallama, bakuna suka buɗe, kuka ya ɓarke tun daga ƙoli yana gangarawa. Matan layin suka yanyame ni. Allah ya jiƙan Gwaggo Bahtimo. Allah ya ba ki haƙuri. Kai, ta yi ƙoƙari, ta fitar da ku sannan ta tafi. Na buɗe baki in ce tana nan da ranta, lafiyarta ƙalau, har tsiya ta yi mini ɗazu. To in ce wace ce ke nan da ranta? A Yarzun ba ni da uwa, kuma da hannuna na yi. Na leƙa ƙasa ta tsakanin kafaɗunsu. Daga nan Shardu zare ne kawai, gada ma da ƙyar na gane ta, balle mutum.

Wata tsohuwa da ban sani ba ta kama hannuna mai jini ta riƙe. Ta ce tare suka yi ɗiban ruwa da Inna suna 'yan mata.

"'Yata, ta sha wuya?"

Na ce, "A'a, Gwaggo. A bakin ruwa na bar ta."